Faifai Huɗu da Kaset ɗin Hajiya Adiza

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya muku aikin kwamfuta cikin wata uku, ku ja benci ku zauna. Jiya na ji ɗaya daga cikinku yana cewa ajiye wa mutane hotuna da takardu ba aiki ba ne: ka sayi faifai, ka ɗaura, ka kunna, ka tafi harkarka. Ni ma na taɓa ɗaukarsa haka, kuma a lokacin na girme ku nesa ba kusa ba.

Sunana Alhasan, amma daga Nima har Maamobi Masta kowa yake ce mini. Ba da kwamfuta na fara ba. Da rediyo na fara, a Zongo Lane, a hannun wani dattijo mai suna Masta Danjuma. Mahaifina ne ya kai ni da goro da kiret ɗin lemo, na yi shekara shida a wurinsa. Shekarar farko ban taɓa ƙarfen narka dalma ba, sai shara da goge ƙura da burushi. Wata rana ya kunna wata rediyo da aka kawo gyara, ya ce, "Me ka ji?" Na ce waƙa. Ya ce, "Ban tambaye ka waƙa ba. A ƙarƙashin waƙar, me ka ji?" Na kasa kunne har na ji wani siririn gurnani. Ya ce to, ga ciwon nan, mai rediyon bai ji shi ba tukuna, amma nan da wata biyu zai ji. Shi ne ya koya mini in ɗora bakin sukudireba a jikin inji, in manna mariƙin a kunnena. Har yau haka nake sauraron faifai.

Da rediyo ta ja baya na koma talabijin da bidiyo, daga nan na faɗa kwamfuta. Abin da 'yan Sakul, kasuwar kayan waya da kwamfuta, suke kira had-dis, ni faifai nake ce masa, domin in ka buɗe shi abin da za ka gani ke nan: faifai mai sheƙi yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da wata 'yar allura tana shawagi a kansa ba ta taɓa shi. Abin da yake juyawa haka dare da rana dole ya tsufa. Ba ya yin furfura, ba ya tari. Daga waje, na shekara ɗaya da na shekara takwas kamarsu ɗaya.

Awudu mai hoto, wanda yake da situdiyo kusa da tashar motocin haya da muke kira tirotiro, ya taɓa kawo mini nasa a naɗe cikin hankici. Ya ce, "Masta, abin nan ya ƙi buɗewa, kuma hotunan bikin mutum uku suna ciki." Na haɗa shi da wuta, na ɗora sukudireba. Kat, kat, kat, sai ya yi shiru, ya sake farawa. Na ce tun yaushe yake wannan ƙara? Ya ce ya kai wata biyu, amma in ya ɗan buga gefen kwamfutar sai ta ci gaba da aiki. Na ce masa wata biyu faifan nan yana yi maka sallama, kai kuma kana marinsa. Ban ciro masa ko hoto ɗaya ba. Ɗaya daga cikin amaren sai da ta sake sa kayan bikinta, ta zauna ita kaɗai a situdiyo aka ɗauke ta.

Irin wannan ne ya sa na haɗa saba a gida. Kada sunan ya ruɗe ku, tsohuwar kwamfuta ce kawai da take zaune a kan kanta a ɗakina a Maamobi, ba ta da wani aiki sai ajiya. Na sa mata faifai huɗu, na haɗa su ta yadda in ɗaya ya mutu, sauran ukun za su iya sake gina abin da yake cikinsa a kan wani sabo. In biyu suka mutu tare, shi ke nan. Na san wannan tun ranar farko, sai dai na ce a raina yaushe biyu za su mutu tare. Mutanen unguwa suka fara kawo mini ajiya: takardun fili, hotunan suna, karatun wani malami da ɗalibansa suka ɗauka kafin ya rasu.

Kowane faifai yana riƙe da labarin lafiyarsa a cikinsa, akwai manhaja kyauta da take karanto maka shi. Abu uku nake dubawa. Na farko, awa nawa ya yi yana juyawa. Shekara ɗaya a kunne awa dubu takwas da ɗari bakwai da sittin ce, sai ka raba ka san shekarunsa na aiki. Na biyu, wurare nawa ne suka lalace a fuskarsa har ya kauce musu. Wannan lambar sifili ake so. In ta bar sifili ka zuba mata ido, in kuma tana hawa mako bayan mako, ka cire faifan a ranar, ba gobe ba. Na uku zafi, domin ɗakunanmu na kwano ne, ƙarfe biyu na rana bango ma zafi yake yi. Yanzu kowane faifai nawa akwai farin salatif a bayansa, na rubuta ranar da na saye shi, wurin wanda na saya, da awannin da na tarar a kansa. Kowace Juma'a da safe, kafin in yi wankan masallaci, nakan zauna in duba su ɗaya bayan ɗaya in rubuta a kwali. Wanda ya shekara biyar ina sauke shi ko lafiyarsa ƙalau. Ba na sayen biyu rana ɗaya a hannun mutum ɗaya. Kuma duk abin da yake cikin sabar akwai kwafinsa a wani faifai daban, a gidan ƙanwata a Madina. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da nake yi lokacin da Hajiya Adiza ta kawo mini kaset ɗinta.

Hajiya Adiza ita ce mai sayar da wake da shinkafa a bakin titin Nima, wadda layin masu sayen abincinta yake kaiwa har gaban kantin magani. Wata rana bayan ta tashi daga kasuwa ta shigo shagona da wani tsohon gwangwanin biskit, ta ajiye a kan tebur, ba ta ɗauke hannunta daga kansa ba.

"Masta, an ce kana iya fitar da magana daga kaset ka sa a waya."

Na ce ina iyawa. Ta buɗe. Kaset talatin da ɗaya ne, kowanne da lamba a jikinsa da jan biro. Mijinta Abdul-Mumin tela ne, ya tafi Libiya neman aiki ya bar ta da cikin wata huɗu. A lokacin babu wayar hannu, shi kuma bai iya rubutu ba, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a kaset yana ba masu dawowa gida. Shekara tara yana aikowa. Takardunsa ba su taɓa daidaita ba balle ya zo ya koma, har ciwo ya kama shi a can, aka binne shi a can. 'Yarsu Rukaya ba ta taɓa ganinsa ba. Abin da ta sani na ubanta shi ne abin da yake cikin gwangwanin nan.

Aikin ya ci mini wata guda. Wasu kaset ɗin sun yi fumfuna, sai na kwance su na goge zaren da auduga a hankali. Uku sun tsinke, na liƙa su. Kaset ba ya yarda a yi masa gaggawa, in maganar awa ɗaya ce sai ka zauna awa ɗaya, don haka duk na saurare su. Mutum ne mai magana a hankali, yana yawan gyaran murya. Yakan faɗi farashin burodi a can, ya tambayi ko rufin ɗaki yana yoyo, ya gaida maƙwabta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wani lokacin kana jin keken ɗinki yana tafiya a bayansa.

Da na gama na sa mata duka a ɗan katin waya, na kuma ajiye a saba. Ta ce, "To, su kaset ɗin fa, yaya zan yi da su?" Ga abin da na ce mata, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba: "Hajiya, kin huta da su. Maganar tana wurina a faifai huɗu. Ko ɗaya ya mutu ba abin da zai same ta."

Shekara da shekaru gwangwanin nan yana saman wadirob ɗinta. Da bikin Rukaya ya matso tana neman wurin jera tukwane, sai ta sauke shi ta tura ƙarƙashin gado, tunda Masta ya ce an huta da shi. Damina ta zo, aka yi ruwan da babban gota ya cika ya shiga gidaje, ɗakinta ruwa har gwiwa. Kwana uku kafin ta tuna da gwangwanin, ta tarar da laka a cikinsa. Wayarta kuma, da katin a ciki, an zare ta daga jakarta a tirotiro tun kafin wannan. Ta aiko mini da saƙo cewa za ta zo in sake sa mata a wani katin. Na ce ta zo duk ranar da ta samu sarari, ba gaggawa. Ita tana kan tukunya tun asuba, ni ina shago. Wata ya bi wata.

Faifan nan huɗu a Sakul na saye su, rana ɗaya, a hannun mutum ɗaya, daga kwali ɗaya. Hom-yus ne, wato kayan da aka yi amfani da su a Turai aka kawo. Mai sayarwar ya haɗa mini su a kwamfutarsa, kowanne ya nuna bai kai awa ɗari biyar ba. Ya ce, "Masta, ka gani da idonka, kusan sababbi ne." Na ga arha, na biya. Ban san ana iya goge lambar awanni a mayar da ita baya ba. Kuma akwai wata takardar garanti da ya manna a bayan kowanne, daidai inda kamfani yake buga ranar da aka ƙera shi. Ban ɓare ta ba sai bayan komai ya wuce. Da na ɓare na ga sun shekara shida kafin su zo hannuna. Lambobin jikinsu kuma a jere suke. Wato rana ɗaya aka ƙera su, inji ɗaya suka yi wa aiki, tare suka tsufa.

Sai shekarun dumso suka zo, lokacin da wuta take zuwa rabin yini ta tafi yini da kwana. Faifai ya fi son ya yi ta juyawa a kan a riƙa yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Ina da akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, amma batirinsa ya gaji, minti biyu yake yi ya mutu. Aiki kuma ya tsaya a shago, domin ba ka gyara kwamfuta babu wuta. Masu walda da masu sayar da ƙanƙara a layinmu wasu rufewa suka yi gaba ɗaya.

A cikin wannan hali na buɗe manhajar wata rana, na ga faifai na uku yana da wurare takwas da suka lalace. Na ce takwas ba komai. Bayan mako biyu na ga ashirin da huɗu. Na je Sakul na tambayi sabo, na ji farashi ya kusa ninkawa saboda dala ta tashi, na dawo hannu wofi, na ce bari a yi sallah tukuna. Ina da wani tsohon faifai a aljihun tebur wanda zai ɗauki maganar Abdul-Mumin sau ɗari. Kwafewar ba za ta ci minti ashirin ba. Ban yi ba, domin a kaina faifai huɗu sun isa.

Ranar wata Talata da safe na ji sabar tana ƙara. Na uku ya mutu. Ban damu sosai ba, ai abin da aka haɗa ta dominsa ke nan. Na sayo sabo, na ɗaura, ta fara sake gini. Abin da ban lissafa ba shi ne, kafin a gina sabon dole a karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe ba hutawa, aikin da ba su taɓa yi ba tun da suka zo hannuna. Tsofaffi uku aka ɗora wa kayan da sai matashi. Da azahar ginin ya wuce rabi. Ina cin abinci sai na ji kat, kat, kat. Na farko ne.

Mako uku na yi a kansa. Na ari janareto a wurin wani abokina mai sayar da kayan mota a Abossey Okai. Na cire faifan na farko, na kafa masa fanka, na sa wata manhaja tana karanta shi a hankali, in ta iso wurin da ya lalace ta tsallake, daga baya ta dawo ta sake gwadawa. Wata rana ta ci gaba sosai, wata rana ta wuni a wuri ɗaya. A mako na uku allurar ta tsaya, bai sake juyawa ba. Da abin da na samu na harhaɗa. Takardun fili yawancinsu sun dawo, kuma masu su suna da na asali. Karatun malamin nan akwai shi a wayoyin ɗalibansa. Maganar Abdul-Mumin ce kaɗai ba ta ko'ina a duniya sai wurina. Tara suka fito cikakku. Sauran wasu guntaye ne, wasu suna ne kawai babu komai a ciki.

Ban je na gaya mata ba. Kullum ina cewa gobe, har na daina bi ta gaban rumfarta. Ita ce ta zo, wata Asabar da la'asar, tare da Rukaya da tsohon ciki. Suka gaishe ni, na ba su benci.

Rukaya ta ce, "Masta, lamba biyu muke so. Wanda Baba ya faɗi sunana tun ba a haife ni ba. Ina so a sa a ranar suna, mutane su ji."

Na gaya musu komai, tun daga Sakul har lambar da na gani tana hawa na ƙyale. Ban ɗora wa dumso laifi ba. Hajiya ba ta katse ni ba, tana kallon hannuwanta.

Da na gama ta ce, "Nawa suka rage?"

Na ce, "Tara, Hajiya."

"Lamba biyu tana ciki?"

"Farkonta kawai."

Ta ce in sa. Na kunna. Aka ji gyaran murya, ya yi sallama, ya ce yana fata tana lafiya ita da abin da take ɗauke da shi. Ya ce mutumin da zai kawo kaset ɗin zai iso kafin ta haihu in Allah ya so, saboda haka yana so ta kira yayansa ya saurara da kyau. Ya ce, "In namiji ne..." Daga nan sai wani ƙara kamar ana yaga takarda, sai shiru. Daƙiƙa arba'in ke nan. Rukaya ta ce in sake. Na sake. A wuri ɗaya ya tsaya.

Tirotiro suna ta hon a titi. Sai Hajiya ta gyara mayafinta, ta yi gyaran murya irin tasa, ta ɗora daga inda ya tsaya.

"In namiji ne, a sa masa Yakubu, sunan wanda ya koya mini ɗinki. In mace ce, a sa mata sunan uwata, Rukaya. Kada a yanka ƙaramin rago don ba na nan. Ki gaya mata, in ta yi wayo, babanta bai gudu ba, aiki ya je. Kafin ta fara tafiya ina gida."

Ta ci gaba har ƙarshe, da addu'ar da ya yi, da gaisuwar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har inda ya ce kaset ya kusa ƙarewa. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Rukaya ta ciro waya tana kuka ta ce, "Mma, sake faɗa in ɗauka." Hajiya ta ce, "Ba yau ba."

Na sa musu taran nan a kati biyu da faifan bidiyo ɗaya. Da za su tafi Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wanda ya mutun, yana ina?"

Na ɗauko na farkon na nuna mata. Ta karɓa, ta auna nauyinsa a tafin hannunta.

"Maganar tana cikinsa har yanzu?"

Na ce wani ɓangare nata yana ciki, amma ni ba ni da kayan da zan fitar da shi, kuma ban san wanda yake da su a ƙasar nan ba.

Ta ce, "Amma tana ciki."

Na ce tana ciki. Ta kwance bakin zanenta na sama, ta naɗe faifan, ta sa a jaka, ta riƙe hannun 'yarta suka tsallaka titi.

Rukaya ta haifi namiji, aka sa masa Abdul-Mumin. An gayyace ni sunan, na je, na zauna a baya. Ba a kunna komai ba. Hajiya ta rasu shekara uku bayan haka. Da na je gaisuwa na tambayi Rukaya ko ta samu ta ɗauki maganar nan daga bakin mahaifiyarta. Ta ce sau da yawa ta roƙe ta, kullum sai ta ce ai tana nan, ba inda za ta.